Yaya Tanko da Tumbin Tiriton

Duk wanda ya taɓa sayen kayan ciki a teburin Yaya Tanko a unguwar Ridina, nan Injamena, ya san ba a zuwa wurinsa an bar tukunya a kan wuta. Yanka ba ya cin lokaci a hannunsa, awo kuma ni ke yi, kun san ba na wasa da sikeli. Wurin naɗi ake daɗewa. Da tsofaffin jaridu da mujallun Faransanci muke naɗe nama, irin waɗanda ake kwasowa daga ofisoshi a buhu, kuma Yaya Tanko bai taɓa naɗe ko tsokar huhu ba sai ya ɗaga takardar ya duba gabanta, ya juya ya duba bayanta. Bai san baƙin boko ko ɗaya ba. Hoto yake kallo. In ya ga abin da bai sani ba, jirgi ne, dabba ce, dutse ne, sai ya miƙo mini da hannunsa mai maiƙo.

"Sikeli, karanta. Mene ne sunansa?"

In na haɗa baƙaƙen na faɗa, sai tambaya ta biyu ta biyo, wadda kowa a unguwar nan ya haddace: "To, wa ya raɗa masa?"

Mai saye na tsaye, ƙuda na zagaya shi.

Ni ne Sikelin. Sunana Ilu, ƙanin matarsa Yaya Ladi. Na yi lakwal, wato boko, har ƙarshen firamare, kuma wasan miji da ƙanin mata ya sa ya laƙaba mini wannan suna har ya bi ni masallaci. Tun da ya rasu kowa ke ba da labarin ragon nan yadda ya ga dama. Wani ya sa ƙarshe a farko, wani ma cewa yake raƙumi aka yanka. Ni ba na son labari a hargitse. Zan faɗe shi bi da bi, wanda ya ga ya fi ni sani ya jira in gama.

Sai an fara da kakarsa, in ba haka ba sauran ba zai fahimtu ba.

Kakarsa Hajo tana cikin ayarin da ya taso daga ƙasar Katagum da niyyar Makka a ƙafa, kamar kakannin yawancinmu. Da suka iso bakin kogi ta wajen Kusuri suka tarar ruwa ya cika ya batse, ba jirgi ba mai fito. Suka zauna suna kallon ruwa, guzuri na ƙarewa. Hajo ta ce wata rana da hantsi sai ga wata mace ta ɓullo daga cikin ciyawar ruwa tana turo masaki, ƙato, wanda mutum zai zauna ciki. Ta yi ta ƙetarar da su ɗaya bayan ɗaya, har da awaki. Aka miƙa mata gero, ta ƙi. Aka ce to me za mu yi miki? Ta ce duk ran da aka yi suna a zuriyarku, bayan liman ya shafa fatiha, tsohuwar gida ta sunkuya kan jariri ta ce: Ta-Masaki na gaisuwa. Shi ke nan ladanta. Ta koma cikin ciyawa.

Ayarin bai kai Makka ba. A nan ya yada zango, zangon da muke ciki har yau. Amma gaisuwar ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba. Da ita aka yi sunan uban Tanko, da ita aka yi nasa. Daga baya wasu 'yan'uwansa suka rasu, wasu suka yi gabas har aka daina jin ɗuriyarsu, ya rage shi kaɗai. Shi kuma Allah bai ba shi haihuwa ba. Mutumin da babu gidan da bai yanka ragon suna ba tsakanin Ridina da Kabalai, ba a taɓa shimfiɗa tabarmar suna a ƙofarsa ba. Ba ya kawo zancen. Sau ɗaya dai, muna wanke hanji, ya ce, "Sikeli, ran da aka binne ni, tare da matar nan za a binne ni."

Na ce, "Wace mata? Yayata?"

"Yayarka ita za ta binne mu duka. Ta-Masaki nake nufi."

To, sai ranar takardar. Madam Rozali ce a gaban tebur, malamar kimiyya a wani lise, wato sakandare, mutuniyar kudu, duk Asabar take zuwa sayen tumbi. Ya ɗaga takarda zai naɗe mata, sai ya tsaya. Ya kalli takardar, ya kalli tumbin da ke kan katako, ya sake kallon takardar.

"Sikeli, wane mahauci ya yi wannan wanki? Wannan ya iya aiki."

Hoton wani abu ne kamar kifaffiyar ƙwarya, fari-fari da ɗan ja-ja, jikinsa duk ramuka da ƙulle-ƙulle. Ba don rubutun ba, ni ma tumbi zan ce. Na karanta a hankali: Tiriton. Madam ta leƙo, ta yi dariya har ta dafa tebur. Da Larabcin kasuwa suke magana ita da shi, ni zan juya muku.

"Baba Tanko, ba tumbi ba ne. Wata ne."

"Watan da na sani ba haka fuskarsa take ba."

"Ba namu ba. Akwai duniyar da ake kira Naftun, can ƙarshe, ita ce ta takwas in an ƙirga daga rana. Tana da watanni fiye da goma, wannan ne babbansu."

Ya ajiye wuƙa. "Fiye da goma? To da wanne suke Sallah? Mu da guda ɗaya tal, kowace shekara sai an yi rigima."

Ta ce babu mutane a can. Sanyin wurin ya kai irin iskar da muke shaƙa ma daskarewa take ta zama ƙanƙara.

"Wato nama ba ya lalacewa."

"Har abada."

"Ka ji inda ya kamata a gina mayanka. Ba ruwanmu da ɗauke wuta."

Ta ƙara da cewa wannan watan yana da wani hali: inda uwar ɗakinsa Naftun take juyawa daban, inda shi yake bi ya zagaya ta daban. Kowa ya yi gabas, shi ya yi yamma. Na ce, "Ashe ɗan'uwanka ne." Ya ce, "Shi ya sa na gane shi tun daga nesa."

A jikin hoton akwai ƙananan rubutu nan da can. Ya sa yatsa a kansu. Madam ta ce sunaye ne, kowane rami da tabo da kwari da nasa. Ni na san abin da zai biyo, har na sunkuyar da kai.

"To, wa ya raɗa musu?"

Ta ce wani kumbo ne, babu kowa a ciki, ya gifta ta wurin a 1989 ya ɗauko hotuna. Daga baya masana suka zauna suka sa sunaye, kuma suna da ƙa'ida: a wannan watan, sunayen ruwa ake sawa, yawanci halittun ruwa na cikin labaran mutanen da, daga ƙasashe daban-daban. Ba ta san ma'anarsu duka ba, ta ce zai ji Asabar mai zuwa. Ya naɗe mata tumbinta a wata takardar, wannan kuwa ya ninke ta ya sa cikin hula. Ranar na fara ganin ya hana takarda yin aikin da aka sayo ta domin shi.

Ran Asabar Madam ta zo da bayani a wayarta. Mazomba rami ne, sunan wani ƙaton kifi a labarin wasu mutanen Tanzaniya. Namazu tabo ne, tarwaɗar mutanen Japan, wadda suka ce in ta motsa ƙasa ke girgiza. Hili wuri ne da wani abu ke fesowa sama kamar hayaƙi, sunan ɗan ruwan Zulu. Zin kuma wasu baƙaƙen tabo ne, sunan aljanun ruwan kogin Kwara ta wajen Nijar. Kowanne sai ya sa an maimaita masa, ya tambayi kifin nan na da ƙaya, tarwaɗar nan ana cinta, ɗan ruwan nan mugu ne ko mai wasa. Layi ya kai bakin titi.

Washegari teburinmu ya canza. Ɓangaren tumbi mai saƙar zuma ya zama Mazomba. Dogon hanji ya zama Namazu. Huhu Hili, tunda iska yake fitarwa. Saifa Zin, don baƙinta. Wanda ya ce a ba shi tumbi sai ya ji, "Babu." Wata tsohuwa Bashuwa ta nuna da sandarta ta ce ga shi nan a gabanka. Ya ce, "Iya, wannan Mazomba ne." Ta ce da Larabci, "Da shunu?" wato mene ne wannan. Ya fara ba ta labarin kifin Tanzaniya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce to a ba ta rabin kilo na kifin, amma a cire mata kitse.

Na ce masa kasuwa tsari gare ta, abu da sunansa. Ya ce, "Tumbi sunan dangi ne. Kai ma in an ce Bahaushe kana amsawa, amma uwarka Ilu ta sani."

Abin da bai yarda da shi ba shi ne zancen kumbo babu mutum. A wurinmu wanda ya kwana a zango shi ke sa masa suna, haka kakanninmu suka bar sunaye tun daga gida har nan. Saboda haka, in akwai Zin a Tiriton, to Zabarmawa sun je. Ya cire hula ya nufi rumfar Jibo mai albasa, Bazabarmen da ke maƙwabtaka da mu a kasuwa, ni ina biye don kada a yi abin kunya.

"Jibo, yaushe kuka je?"

"Ina?"

"Kada ka yi mini kwana-kwana. Ga sunan aljanunku can a sama."

Jibo ya karɓi takardar, ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallo. "Wannan ai tumbi ne."

"Ka ji ko, Sikeli? Ya san wurin."

Da na yi wa Jibo bayani, ya ce lallai kakarsa takan hana su wanka a wasu gurabe na kogi saboda Zin. Sai na ga ya gyara zama, ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda masu tumatir za su ji. "Ai mu ba ma shelar tafiya. Ku Hausawa kun gaya wa duniya za ku Makka, kuka tsaya a Injamena. Mu ba mu ce za mu ko'ina ba, ga mu a sama."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Yaya Tanko ya ninke takardarsa ya dawo tebur, kuma wannan damina ba a ci albasar Jibo a gidan yayata ba. Sai da muna rufewa ya yi magana.

"Ba Jibo ne ya dame ni ba. Aljanunsa ban ji sun ƙetarar da kowa ba, amma ga sunansu inda ba gara ba ruwan sama. Tamu da ta ɗauki ayari guda a masaki, tana cikin bakin tsoho ɗaya, bakin ma haƙoransa sun fara tafiya."

Yanzu mun zo kan rago. Madam ce ta jawo, ba da niyya ba. Ya tambaye ta me ya sa hoton rabi ne, ina sauran. Ta ce kumbon wucewa ya yi, abin da ya gani bai kai rabi ba. Sauran ba wanda ya san yadda yake, babu hoto babu suna.

Ya ce, "Wato fili."

"Baba Tanko..."

"Unguwar Lamaji da ba daji ba ce? Wanda ya kafa turke shi ke da wuri."

Ya ciro takardar ya juya bayanta. A tunaninsa gaban takarda gaban wata, bayan takarda bayan wata. Maiƙon hula da na hannu sun yi wani tabo kusa da gefe. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Nan."

Madam ta ce, "Wannan tallar sabulu ce."

"A wurinki. A can gulbi ne."

Sai ya tambaye ta abu na ƙarshe: masanan nan da suka raɗa wa Mazomba da Namazu suna, wa ya yanka musu rago? Ta ce ba a yanka komai ba, zama aka yi aka rubuta. Ya dube ni kamar an ce masa an binne mutum ba wanka. Ya ce sunan da ba a ci nama a kansa ba aro ne, shi nasa na gaskiya zai yi.

Kun san Yaya Tanko da riƙo. Ganyen shayi sai ya dafa shi har ya daina ba da launi, sannan ya shanya shi don gobe. Takalminsa waya ta fi fata yawa. Wannan mutum ne ya tafi Lamaji wurin Fulani ya jawo farin rago mai baƙin ido, ya ɗaure shi a tsakar gida, ya shiga ba shi dusa da harawa da ɓawon kankana. In ragon ya yi atishawa sai ya rufa masa bargonsa.

Na zaunar da shi na ce ina da magana uku, kuma kada ya katse ni. Na ɗaya, suna ran bakwai da haihuwa ake yi, wannan wuri yaushe aka haife shi? Na biyu, wurin ba naka ba ne. Na uku, mutane za su ce ka taɓu.

Ya ce, "Na ɗaya, wanda aka makara wa suna ba a fasa masa. Na biyu, jariri ma ba naka ba ne, na Allah ne, amma kai ke raɗa masa. Na uku, ai sun daɗe suna faɗa. Akwai ta huɗu?"

Na kai ƙara wurin yayata. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ilu, shekara nawa yana yanka na mutane? Bar shi ya yanka nasa."

Wanda bai bar shi ba shi ne Liman Abakar. Zance ya kai masa cewa Tanko zai yi wa aljana yanka. Bayan La'asar ya tsayar da mu a zauren masallaci, kuma ba da wasa ya fara ba.

"Tanko, in jinin ragon nan ya zuba don wanin Allah, babu gidan da zai sake kiran wuƙarka a Ridina. Ni da kaina zan faɗa a kan mumbari."

"Allah gafarta Malam, wa ya ce aljana ce? Kakata ba ta ce ba. Ta ce mace ce da masaki."

"To mutum ce ke nan."

"Ta yiwu."

"In mutum ce, na ji an ce masu sa sunan ba sa karɓa. Sai na ruwa."

Yaya Tanko ya cire hula. Ban taɓa ganin an kama shi haka ba. In ya ce ta ruwa ce, ya rasa wuƙarsa. In ya ce mutum ce, ta rasa gurbinta a sama. Ya daɗe yana murza hula.

"Allah gafarta Malam, ita ba ta faɗa ba. Wadda ta ƙi karɓar gero, ba zan biya ta da ƙarya ba. Ban san ko mece ce ba. Na san dai ba don ita ba da babu ni, da babu rabin sahun nan da kake ja."

Liman ya kalle shi, ya kalli ƙasa. Shi ma kakansa ta wannan kogin ya ƙetaro. Ya ce, "Ga yadda za a yi. Ka yanka da sunan Allah, sadaka ga waɗanda suka mutu a hanya, da duk wanda ya taimake su, Allah Ya san kowa. Nama a raba wa mabuƙata. Suna kuma, wuri ba ya sallah ba ya salati, ka kira shi abin da ka so. Ni ba zan raɗa ba."

"Amma za ka zo?"

"Wane ɓangaren ragon za a aiko gidana?"

Wata Juma'a da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Yaya Tanko, karo na farko tun da aka gina shi. Ni na tsara zama: dattawa a inuwar bango, 'yan kasuwa a gefen titi, mata a ciki. Aka raba goro da dabino. Madam ta zo da ɗankwali. Jibo ya zo da buhun albasa a ka, ya dire, ya ce gudummawar tsofaffin mazauna ce ga sababbin zuwa. Yaya Tanko ya ce a karɓa, maƙwabcin sama ba a faɗa da shi.

Ya kwantar da ragon da kansa, ya yi bisimilla, ya yanka. Liman ya yi addu'a ga matafiya, aka shafa. Daga nan ba wanda ya san abin da ke biye. Ko ni mai tsari ban tsara wannan ba.

Sai ga Yaya Ladi ta fito daga zaure da sabon zane a hannu, kamar mai ɗauke da jariri. Ta durƙusa gaban mijinta. Ya cire hula, ya ciro takardar, ya shimfiɗa ta a kan zanen, bayanta a sama. Ta sunkuya daidai tabon maiƙon nan, kusa da hoton sabulu, ta ce a hankali, amma duk mun ji:

"Ta-Masaki na gaisuwa."

Waɗanda suka zo don su yi dariya, kuma suna da yawa, ban ji ta kowa ba. Yaya Tanko ya juya yana gyara igiyar ragon da ba ya buƙatar igiya kuma.

Wanzamin unguwa ne ya cece mu. Ya matso da zabirarsa ya ce, "Baba, ina jaririn da zan aske? Ina kuma kasona?"

Yaya Tanko ya nuna sama. "Je ka aske shi, ka dawo ka karɓa."

Bayan kwana biyu Madam ta zo, ba ranar tumbinta ba. Ta bincika, kuma mace ce mai gaskiya, ba ta iya ɓoyewa. Ta ce masanan nan ba sa sa wa wuri suna sai an gan shi, kuma ba daga teburin mahauci ake aika musu ba. Sunan ba zai hau taswira ba, ko yanzu ko nan kusa. Na ɗauka zai karaya, har na fara neman abin da zan ce.

Ya ci gaba da wasa wuƙa. "Su yi ta zamansu. Ran da suka isa za su tarar an yi suna, an ci nama, an watse." Ya gwada kaifin a farce. "Madam, suna ba rubutu ba ne, kira ne. In ana kira, ya kama."

Ya jawo tumbi ya kifa shi. Akwai wani kauri da ke bin bayansa, wanda ba a gani sai an juya, mai taushi in ya dahu, masu sani shi suke nema. Ya yanko shi ya ɗora mini a sikeli. "Wannan daga yau Ta-Masaki. Na Madam ne, kyauta. Sikeli, kada ka saba, yau kaɗai."

Ya yi shekaru bayan haka yana sayar da Mazomba da Namazu da Ta-Masaki, yana tsayar da layi, yana tambayar wa ya raɗa. Ciwonsa bai yi tsawo ba. Takardar tana cikin hularsa har ranar, yanzu tana cikin adakar yayata.

Da tebur ya dawo hannuna na mai da tsari. Tumbi tumbi, hanji hanji, huhu huhu. Layi ya daina kaiwa titi. Mazomba da Namazu suka ɓace a bakin mutane cikin 'yan watanni, Zin ma sai Jibo kaɗai ke neman ta, don tsokana. Na ɗauka duka sun bi shi.

Watan jiya wata mata ta tsaya a gabana. Ban taɓa ganinta ba, ba Bahausa ba ce, ta ce daga Shagwa take, can ɗaya gefen gari, biki ya kawo ta unguwarmu. Ta duba tebur, ta sa yatsa ta kifa tumbin da kanta, ta ce da Larabci, "Antini Tamasaki."

Na ce, "Me kika ce a ba ki?"

Ta maimaita, ta nuna kaurin nan na baya, tana mini kallon wanda bai san sana'arsa ba. Na tambaye ta ina ta ji wannan suna. Ta ce a kasuwarsu haka mahauta ke kiransa, kowa ya sani. Ban san lokacin da tambayar ta fito daga bakina ba.

"To, wa ya raɗa masa?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Wa ya sani? Sunansa ke nan. Ka auna mini, ina sauri."

Na auna. Na ɗauko takarda zan naɗe, na duba gabanta, na juya na duba bayanta, tana ta tsaki.

Da na koma na gaya wa Yaya Ladi, ta ajiye abin da ke hannunta. Can ta ce, "To ta ƙetare." Ta tashi ta ɗora shayi, da sabon ganye.

Allah Ya jiƙan Yaya Tanko, Ya yafe masa tsayar da bayin Allah a rana. Ya jiƙan Hajo da ayarinta, da duk wanda ya miƙa musu hannu a bakin ruwa. Yadda aka ƙetarar da kakanninsa ba a karɓi ko ƙwayar gero ba, Allah Ya ƙetarar da shi haka, Ya sa ya tarar ana kiran sunansa a can. Amin.